Ummuhani da Tashoshin da Suka Goge

A garin Gazawa akwai wata yarinya mai suna Ummuhani. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar a lakol, wato makarantar boko. Ta iya karatun Faransanci sosai. Har maƙwabta sukan kawo mata takardar likita ta karanta musu. Amma tana da gaggawa. Sai ta karanta farkon layi, ta cinki ƙarshensa, ta wuce.

Babanta, Malam Isaka, tela ne a bakin kasuwa. Suna da tele, wato talabijin, a gida, da wata tsohuwar parabol, faifan nan na kamo tashoshi, irin ta raga, mai faɗin gaske, kafe a tsakar gida. Duk ta yi tsatsa. Kaji ma a inuwarta suke hutawa. Akwatin da ke kamo tashoshi shi ma ya tsufa. Sai an bubbuga masa hannu kafin hoto ya fito, in ya fito kuma yana ta yayyafi.

A shekarar nan sojoji ne ke riƙe da ƙasa, kuma sun yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula. An yi zaɓe zagaye na farko, saura na biyu. A kasuwa, a tasha, a bakin rijiya, zancen ke nan. Malam Isaka ya ce shi dai ba zai kalli sakamakon zaɓe cikin yayyafi ba. Sai ya kira Nomau, wani mai gyaran tele a Agiye, wanda bai daɗe da buɗe shagonsa ba.

Nomau ya zo ranar Alhamis a kan babur, ya ɗauro wata 'yar ƙaramar parabol a baya. Ya kwance tsohuwar, ya kafa sabuwar a kan soro. Ya cire tsohuwar waya da ɓera ya ciccije, ya ja sabuwa har cikin ɗaki. Sannan ya buɗe kwali ya fito da wani ɗan akwati baƙi. Ya ce sunansa dikoda, shi zai riƙa kamo tashoshi yana ba tele.

Da ya koma kan soro don ya saita parabol, Ummuhani ce ta tsaya gaban tele tana karanta masa lambobin da ke nuna ƙarfin kamu. Shi kuma yana juya parabol a hankali. Da lamba ta kai saba'in, sai ga hoto garau, kamar ka miƙa hannu ka taɓa mai magana.

Kafin ya tafi, Nomau ya nuna musu telekomand, wato abin da ake latsawa daga nesa. Ya nuna maɓallin sauya tasha da na ƙara murya. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani maɓalli na gefe.

"Wannan kam ku bar mini shi," in ji Nomau. "Ƙofar cikin akwatin ce. In wani abu ya faru, ku kira ni."

Malam Isaka ya dubi 'yarsa ya tambaye ta ko ta ji. Ta ce ta ji.

Maƙwabcinsu Ɗanmalam mai shayi yana wurin. Hoton ya burge shi ƙwarai. Ya ce bayan zaɓe shi ma Nomau zai kafa masa irinta a rumfarsa. Nomau ya tafi yana murmushi.

Ranar Asabar aka yi zaɓe lafiya. Aka ce ranar Litinin za a faɗi sakamako. Malam Isaka ya gayyaci maƙwabta su zo gidansa su kalla tare.

Ranar Litinin da safe, wata ƙawar Ummuhani ta gaya mata a lakol cewa akwai tashar yara, wadda ake nuna zane mai motsi tun safe har yamma. Da aka tashe su da tsakar rana, Ummuhani ta dawo gida da gudu. Inna tana madafa tana tuƙa tuwo. Ummuhani ta shige ɗaki ta kunna tele. Ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga ta yara ba.

Ta dubi maɓallin nan na gefe. Ta ce a ranta ai duk rubutun Faransanci ne, kuma ita ce ma ta taya Nomau aiki. Sai ta latsa.

Rubutu ya cika fuskar tele. Ta shiga nan, ta fita can. Can sai ta ga wani layi mai kalmar "tashoshi" a ciki. Ba ta tsaya karanta sauran ba. Ta latsa. Akwatin ya yi mata tambaya, ta zaɓi "i". Ya sake tambaya, ta sake zaɓar "i".

Hoto ya ɗauke. Fuskar tele ta koma shuɗiya.

Ummuhani ta latsa ɗaya, babu komai. Ta latsa biyu, babu komai. Ta kashe ta kunna, shuɗin nan dai yana nan. Ta kashe tele, ta rufe ta da ƙyallenta, ta ajiye telekomand daidai inda ta ɗauko shi. Tuwon ranar loma uku kawai ta iya ci. Ta koma lakol, amma ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da Madam, malamarsu, ta koyar ba.

Bayan la'asar aka fito da tele tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarmi. Maza suka zauna gefe, mata gefe, yara a gaba. Ɗanmalam ya rufe rumfarsa ya zo da butar shayi. Malam Isaka ya kunna tele yana fara'a.

Shuɗi kawai.

Ya latsa nan, ya latsa can. Har ya bubbuga wa dikoda hannu, yadda ya saba yi wa tsohon akwati. Ya tambayi Inna ko wani ya taɓa, ta ce ita tun safe ba ta shiga ɗakin ba. Ya juya ga Ummuhani, wadda shigowarta ke nan daga lakol.

"Ban sani ba, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

A ƙarshe, a 'yar rediyon Ɗanmalam aka ji sakamakon, mutane sun yi cincirindo a kanta. Aka watse ana yi wa ƙasa fatan alheri. Amma Malam Isaka kunya ta kama shi. Wani ya ce yaran yanzu ba su iya aiki ba. Wata ta ce wataƙila tsohon kaya aka sa cikin sabon kwali. Ɗanmalam ya ce shi ya fasa, gara ya nemo wani daga Maradi.

Malam Isaka ya kira Nomau a waya. Ummuhani ba ta taɓa jin babanta ya yi wa wani magana mai zafi haka ba. Tana tsaye bayan ƙofa, tana ji, ta kasa fitowa.

Washegari da tsakar rana Nomau ya iso. Tayarsa ta yi faci a hanya, ya turo babur mai nisa cikin rana. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya gaida Malam Isaka da ladabi, Malam Isaka ya amsa a taƙaice. Ɗanmalam ma ya leƙo don ya ga yadda za a ƙare. Inna ta aiki Ummuhani ta kawo wa baƙo ruwa. Ta kawo.

Nomau ya ce shi in zai nemi matsala, daga mai sauƙi yake farawa. Ya duba wuta, akwai. Ya bi waya da hannu tun daga bayan dikoda har waje, ba ta yanke ba, bakinta kuma a ɗaure yake. Ya hau soro, ko da yake kwanon rufin ya yi zafi, ya duba ko iska ta karkata parabol. Tana nan yadda ya bar ta. Ya sauko yana hura tafin hannunsa.

Sannan ya ɗauki telekomand ya shiga cikin akwatin. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago kai ya dubi Ummuhani sau ɗaya. Ita kuwa idonta yana ƙasa.

"Malam Isaka, tashoshin ne suka goge," in ji shi. "Zan mayar da su yanzu."

Malam Isaka ya tambaye shi yadda za a yi sabon kaya ya goge kansa cikin kwana huɗu. Nomau ya ciro ɗan littafinsa na lambobin tashoshi daga aljihu yana buɗawa. Ɗanmalam ya girgiza kai, ya ce wanda ya san aikinsa ba ya rasa amsa.

Ummuhani ta dubi Nomau. Ta ga tafin hannunsa ya yi ja. Ta gane ya san gaskiya, amma ya yi shiru.

"Baba, ni ce," ta ce. "Ni na latsa maɓallin da aka hana. Tashar yara nake nema. Jiya ƙarya na yi maka."

Hawaye suka zubo mata.

Malam Isaka ya dubi 'yarsa. Sannan ya juya ga Nomau, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya roƙe shi gafara. Ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, tunda ya gane. Nomau ya ce ya san hannu ne ya yi wannan aiki, amma bai ga kowa da idonsa ba, kuma ba zai shigo gidan mutum ya ɗora wa iyalinsa laifi ba.

Ɗanmalam ya cire hularsa ya sosa kai. Shi ma ya ce a yafe masa.

Ummuhani ta durƙusa gaban Nomau ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Ya ce ya yafe, amma sai ta taya shi gyara abin da ta ɓata. Ya sa ta nuna masa inda ta shiga. Da suka kai layin nan, ya ce ta karanta shi a hankali, kalma bayan kalma, kada ta latsa komai.

Ta karanta. Kalmar farko ta san ta sarai. Ita ce wadda Madam take faɗa kullum in tana so a goge allo. Layin cewa yake yi, "Goge dukkan tashoshi." Kuma har sau biyu akwatin ya tambaye ta ko ta tabbata.

"Ashe kin iya karanta shi," in ji Nomau.

"Na iya," ta ce. "Ban dai karanta ba."

Nomau ya miƙa mata littafinsa. Tana karanto lambobi, yana shigar da su. Sau ɗaya ta yi sauri ta tsallake lamba, sai ta tsaya da kanta ta koma baya. Da suka gama, akwatin ya shiga neman tashoshi. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba hoto ya dawo garau.

Inna ta kawo wa Nomau abinci da fura mai sanyi. Bayan ya tafi, Malam Isaka ya zaunar da 'yarsa. Bai daka mata tsawa ba. Ya ce goge tashoshi ƙaramin abu ne, ga shi an gyara kafin la'asar. Babban abu shi ne sunan Nomau da aka ɓata a gaban mutane. Ya ce wannan ba a gyara shi da telekomand.

Don haka da yamma suka fita tare. Suka bi gidajen duk waɗanda suka zo kallo jiya. A kowane gida Malam Isaka yakan yi sallama ya ja gefe, Ummuhani ta faɗi abin da ya faru da bakinta. A gidan farko da ƙyar muryarta ta fito. A gida na uku wata tsohuwa ta shafa kanta ta sa mata albarka. Da suka dawo, Ummuhani ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Babanta ya ce kuma ba za ta taɓa telekomand ba har tsawon sati biyu. Ba ta yi musu ba.

Cikin satin nan Nomau ya dawo Gazawa ya kafa wa Ɗanmalam parabol a rumfarsa. Wasu gidaje biyu ma suka kira shi.

Ranar da aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, tsakar gidan Malam Isaka ta cika maƙil. Wasu yara har kan katanga. Aka kalli bikin tun daga farko har ƙarshe, hoto bai ɗauke ko sau ɗaya ba. Nomau yana zaune kusa da Malam Isaka a kan tabarma ɗaya, suna shan shayi.

Da aka watse, Inna da Ummuhani suna naɗe tabarmi, sai Inna ta tambaye ta abin da ta koya.

Ummuhani ta ce, "Abin da aka hana ni, in bar shi. Abin da zan latsa, in karanta shi duka tukuna. In kuma na yi laifi, in faɗa da wuri, kafin a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba."

Inna ta yi murmushi, ta ce Allah ya yi mata albarka. Suka ɗauki tabarmi suka shiga ciki.