Sunan da Babu a Jikin Dutse

Ku yi haƙuri da karambanina, ban taɓa rubuta labari ba.

Ana gobe bikin tunawa da sojojin yaƙin duniya, bayan isha'i, ina taya Inna goge dutsen sunayensu, sai ga wani dattijo yana warin taɓo.

"'Yata, kin iya karatu? Duba min sunana."

Ya faɗa min, na bi layi-layi har ƙasa.

"Babu, Baba."

Ya ja tsaki. "Mu 'yan dako ne, mu muka ɗauki harsashi a ka. Alfadari ma an sassaƙa hotonsa, mu ko ɗigo."

Ruwa na ta zuba daga hannun rigarsa, amma ƙasar da yake tsaye a kai a bushe take ƙamas.

Na ajiye tsumman, na sulale tun Inna ba ta waigo ba.