Makirufo na Huɗu

Ku matso kusa, wannan ba labarin da ake ɗaga murya ba ne. Wanda ya san zai tsorata ya tashi tun yanzu, ba na son a riƙe mini zane.

Haladu injiniyan kwamfuta ne a wani ƙaramin gidan rediyo, can bayan tsohuwar kara, kasuwar shanu. Allah ya yi masa murya mai kauri da sanyi, har masu karanta labarai suna yi masa tsiya wai ya yi ɓatan kai da ya zaɓi wasa da wayoyi. Shi kuwa mutum ɗaya yake tanadar wa muryar nan. Mahaifiyarsa, Inna Barira, shekara shida ke nan da idonta ya tafi, tana ƙauye wajen ƙanwarta. Da murya kaɗai take gane ɗanta. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kira ta, ita kuma ba ta sa komai a baki sai ta ji shi.

Ga yadda aikinsu yake. Babbar kwamfuta ɗaya ce take riƙe da kayan sitidiyo duka, makirufo ne, kyamara ce, firinta ce. Ba mai taɓa ko ɗaya sai injiniya ya buga umarni a baƙin allo, kwamfuta ta jero masa na'urorin da suke sake, wato waɗanda ba sa hannun kowa. Sai ya zaɓi ɗaya ya ɗaura mata sunan mai aiki. In an gama a saki na'urar, kwamfuta ta share duk abin da ya rage a cikinta, ta koma jeri fes.

Makirufo huɗu ne a sitidiyon, amma uku kawai jerin yake nunawa. Na huɗun yana kusurwa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ranar da tsohon injiniya, Baba Sallau, yake miƙa aiki zai yi ritaya, Haladu ya tambaye shi dalili.

"Yana hannun mai shi," in ji tsohon.

"Wa ke nan, Baba?"

"Duba da kanka."

Haladu ya duba. Sunan da ke kansa shi ne Mai Wuri.

"Ai ba ma'aikaci mai wannan sunan."

"Ta riga mu zuwa. Nan dandalinta ne, nan take waƙarta kafin a sa bulo. Da muka tare, kullum kaya ƙonewa suke. Sai na ba ta nata, muka zauna lafiya. Sau uku muna canza kwamfuta, sau uku ina mayar mata da sunanta. Kada ka sake shi, ɗana."

"To, Baba."

Irin to ɗin nan ne da ake ce wa tsoho don a rabu lafiya. Haladu mutum ne mai son tsari har ya yi yawa. Komai nasa daga sama yake farawa ya dire ƙasa, ko sayayyar cefane ce. Sunan nan da ba shi da mai shi ya tsone masa ido wata biyar.

Sai wata Juma'a manaja ya leƙo, yana gyara hula zai tafi masallaci, ya ce baƙi huɗu za su shigo shiri da ƙarfe uku, a tanadi makirufo huɗu. Kowa ya watse. Har maigadi ya ja ƙofa ya bi sahu. Haladu ya ce bari ya gama wannan, minti biyu ne, sai ya same su a hanya.

Rana ta take tsaka. Ku kuna tsoron duhu ne kawai, ba ku san tsakar rana ba.

Ya zauna. Ya buga umarnin ƙwace, wanda injiniya kaɗai ke da ikon bugawa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ta ce tana share na'ura. Sharewar da ba ta wuce ƙiftawar ido, ran nan sai da ta ɗauki minti bakwai, fankar kwamfutar tana nishi. Da ta gama, ya jero. Makirufo huɗu cif, duka a sake. Har ya yi murmushi.

Sai sanyin ɗakin ya canza. Ya ji ƙamshin turaren wuta, irin na tsofaffin akwatuna.

Ya juya. Mace ce tsaye a kusurwa, doguwa, da baƙin zane mai shuni. Farin ƙyallen yana hannunta, ta ninke shi. Ƙofar sitidiyo mai nauyi ce, ba ta buɗuwa ba a ji ba, kuma bai ji ba. Ya kalli ƙasa. Kafet ɗin mai laushi ne, ko kyanwa ta taka sai ya lotsa. Ƙarƙashin ƙafarta ko gezau bai yi ba.

"Salamu alaikum, Hajiya," ya ce. "An tashi aiki."

Ba ta amsa sallamar ba. Leɓenta ya motsa, sai daga baya maganar ta fito ta lasifikar bango.

"Wa ya taɓa?"

"Wa" ɗin da muryar manaja ya fito. "Ya taɓa" ɗin kuma da muryar matar da ke karanta sanarwar rasuwa. Tsinto muryoyin take yi ɗaiɗai, kamar mai tsintar hatsi a ƙasa. Gashin jikin Haladu ya miƙe.

"Ni ne. Kuskure ne. Yanzu zan mayar miki."

Nan take ya ɗaura sunan Mai Wuri a kan makirufo na huɗu. Kwamfuta ta karɓa. Matar ta sunkuya, ta kara kunne jikin makirufon, ta daɗe. Sannan ta ɗago.

"Babu kowa ciki."

Nan ya gane abin da ya yi. Shekara ashirin muryarta tana ajiye a wurin, ita ce kwamfuta ta yi minti bakwai tana sharewa.

"Jero," ta ce. "In ga abin da ke sake."

Bai so ba, amma hannunsa ya buga. Jerin ya fito, ya fi na ɗazu tsawo. Ƙasan makirufo uku da firinta, ga sababbin layuka. Idon dama. Idon hagu. Kunnen dama. Kunnen hagu. Hannun dama. Hannun hagu. Can ƙarshe, murya. Duka a sake, ba sunan kowa a kansu.

Ta tako, ba motsin ƙafa. Ta tsaya bayan kujerarsa. Sanyinta yana taɓa ƙeyarsa.

Haladu dai injiniya ne, ko a cikin firgici kansa ya kawo masa dabara. Abin da ke hannun wani ba ya ɗaukuwa. Ya fara ɗaura sunansa. Idon dama, Haladu. Layin ya ɓace daga jeri. Idon hagu, Haladu. Kunnen dama.

Wayyo Haladu. Daga sama ya fara, yadda ya saba. Yana kan kunnen hagu ya ga yatsanta, dogo mai baƙin lalle, ya sauka a kan allo. Ita daga ƙasa ta fara. A lokacin Inna ta faɗo masa a rai, zaune a tabarma da kwanon abinci a rufe tana jira. Ya tsallake hannayen, ya buga murya, ya buga sunansa, ya danna.

Kwamfuta ta ce wannan na'ura tana hannun wani.

"Na gode," in ji matar.

Wannan karon daga bakinta maganar ta fito, mai kauri, mai sanyi. Muryarsa ce. Ya buɗe baki zai yi salati, iska kawai ta fita. Da ya waiga ba kowa, makirufo na huɗu yana lulluɓe da ƙyallensa.

Bai jira manaja ba. Tasha ya nufa, ya rubuta sunan ƙauyensu a takarda ya nuna wa kwandasta. Duk hanya kuka yake ba sauti. Bayan la'asar ya isa. Ƙanwar Inna, Goggo Ramlatu, tana shara a tsakar gida, ta saki tsintsiya.

"Haladu? Ba ɗazu ka kira daga birni ba?"

Inna tana bakin ɗaki, kwanon gabanta wayam, fuskarta cike da fara'a. Ya durƙusa ya kama hannunta. Ta janye.

"Wane ne?"

"Ɗanki ne, Yaya," in ji Goggo.

"Ɗana ba ya shigo mini ba sallama. Ɗazu muka gama hira da ɗana, har waƙa ya yi mini yau."

Ya ɗora tafinta a fuskarsa. Ta shafa, ta shafa, ta girgiza kai.

"Bawan Allah, in kai ne, ce Inna."

Ya yi iya ƙoƙarinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ba abin da ya fito.

Bai koma gidan rediyon ba. A ƙauyen ya zauna, shi ne ɗebo mata ruwa, shi ne jan sandarta zuwa asibiti. Ya cire batirin wayarta, ya jefa layin a rijiya, amma duk Juma'a in an sauko sai wayar ta yi ƙara. Shekara huɗu yana yi mata hidima tana sa masa albarka da sunan bawan Allah, tana ba shi labarin ɗanta na birni mai kirki, wanda bai taɓa fashin kira ba. Har ta koma ga Allah ba ta yarda shi ne ba.

Don haka ku da kuke koyon kwamfutar nan, ku ji da kyau. In kun tarar da abu a hannun sunan da ba ku sani ba, ku bar wa mai shi, ku tambayi na gaba da ku. Kuma kada wanda ya kuskura ya zauna shi kaɗai a wajen aiki rana tsaka, mutane suna masallaci. Ku tashi ku yi addu'a, kowa ya kama hannun ɗan'uwansa.