Hoton da Fuskarta Ta Fito

Misbahu ne ya ɗauki Zinariya hoton farko da fuskarta ta fito.

Kafin shi, shagon hoto uku ta shiga a Dutsin-Ma saboda fom ɗin makaranta. Baƙa ce wuluk, ga farin hijabi, ga farin labule a bayanta. Hoto biyu idanu kawai suka fito. Mai shago na uku ya ƙara mata fari a kwamfuta har ta kasa gane kanta. Ta shiga shagon Misbahu a gajiye.

"Malam, ɗauka kawai. Motar Kurfi za ta tashi."

"Farin ne ya yi yawa," ya ce. "Kyamara ta bi shi, ta manta da ke."

Ya sauya labule da ruwan toka, ya zaunar da ita bakin taga, haske ya sauka gefe ɗaya na fuskarta. Ta daɗe tana kallon hoton.

Da yamma saƙon Misbahu ya shigo wayarta: "Baƙar zinariyata, kin isa lafiya?"

"Na isa. Ka cika surutu."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Rabe na Wurma, ya ƙi. "Mai hoto? Masu mayar da baƙi fari? Maƙaryata ne da inji."

Wata bakwai ana haka. Zinariya ta gaji da roƙo, ta gaji da kuka.

A ɗakin tsohon akwai hoton marigayiya Kande, mahaifiyarta. Ya koɗe, fuska da bango duk sun zama toka. Ta ɗauke shi a ɓoye ta kai wa Misbahu. Kwana uku yana kansa. Ya ƙara wa duhun duhu, ya bar haske inda yake.

Malam Rabe ya karɓa, ya fita da shi tsakar gida.

"Kande ce. Har tsagen kumatunta." Ya dubi Zinariya. "Me ya ƙara mata?"

"Baƙinta ya mayar mata, Baba."

"Ce masa ya turo manyansa."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kanta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya."

Da hotunan biki suka zo, Gwaggo Batula ta juya na amarya a hannu.

"Ango, ɗan haska mana ita. Amarya ce fa."

Misbahu ya dubi matarsa. Zinariya ta karɓe hoton.

"A'a, Gwaggo. Ba za a taɓa shi ba."