Kaset ɗin da Mardiyya ta goge

Mardiyya na tsakar gida tana tsintar shinkafa aka kawo wuta. Ai kuwa ta ajiye faifan, ta faɗa ɗaki a guje har tana tuntuɓe da buta.

"Ke wai lahiya?" in ji Inna Safiya, mahaifiyarta.

"Asainmen ne, Inna. Yanzu za a fara shirin waƙoƙin."

'Yar aji biyar ce a sakandaren 'yan mata da ke Kaura Namoda, kuma sakatariyar kulob ɗin 'yan jarida. Malamarsu Zulaihat ta ba su aiki: su naɗi waƙoƙin bidiyo da ake sakawa a talabijin ranar Asabar da la'asar, su nazarci yadda ake ɗaukarsu. Kullum maganarta ɗaya: "Kada ku tsaya kallon mai rawa, kowa shi yake kallo. Ku kalli bayansa, ku ga abin da mai kyamara ya kama bai sani ba."

Gidan su Mardiyya akwai talabijin, amma babu na'urar bidiyo. Muttaka, saurayinta da aka sa musu ranar aure, za a yi bayan babbar Sallah, shi ya ɗauro mata na gidansu a bayan babur tun daga Shinkafi. Ita kuma ta sayi sabon kaset ta ajiye a kan akwati. Da ta ga an fara waƙa sai ta danna jan maɓalli, na'ura ta kama aiki, ta zauna tana kallo baki buɗe. Sai da shirin ya ƙare ta waiwaya, ta ga sabon kaset ɗinta yana nan a kan akwati, ko ledarsa ba a ɓare ba.

To a kan me ta naɗa?

Ta kunna wanda ke ciki. Hoto ya girgiza, sai ga wani dattijo cikin farar babbar riga, zaune a kujera, hannuwa bisa gwiwa. Ya ce, "...Allah shi yi muku albarka." Daga nan allo ya koma yayyafi.

Alhaji Maitama ne, mahaifin Muttaka, direban babbar mota da ya rasu daminar bara. Kaset ɗin dawowarsa daga Hajji ke nan, shi kaɗai aka mallaka mai motsinsa da muryarsa. An manta shi cikin na'urar, ita kuwa garin sauri ba ta duba ba, waƙoƙin suka hau kansa, sai wannan guntun kawai ya rage.

Da Mardiyya ta yi magana a ranar, da abin bai kai inda ya kai ba. Amma kunya ta hana ta. Da Muttaka ya zo ɗaukar bidiyon ta miƙa masa kwalin, kanta a ƙasa, ta ce, "Na gode, Yaya Muttaka." Ta ce wa ranta gobe za ta faɗa. Gobe ta zama jibi, azumi ya shigo ya fita.

Washegarin ƙaramar Sallah da hantsi Muttaka ya yi sallama a zaure. Ko zama bai yi ba.

"Jiya dangi sun zo daga Zurmi," in ji shi. "Hajiya ta ce a sa musu kaset ɗin Baba. Ɗaki cike, har da Baffa Ladan. Kin san abin da ya fito."

Mardiyya ta ja gyale ta rufe fuska. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ce, ana ta rufe gidajen kallo, Baffa Ladan kuwa, ƙanin marigayin, yana gaba-gaba wajen wa'azi a kan raye-raye. A gabansa namiji da mace suka fito suna juyi, a inda ake jiran fuskar ɗan'uwansa.

Muttaka ya ci gaba: "Na ce ni na goge. Hajiya ta ce in daina yi mata ƙarya, ta san inda bidiyon ya kwana. Baffa ya ce a karɓo kayan sa rana, wai gidansu ba ya ɗaukar ɗiyar da ke tara waƙoƙin rawa."

"Wallahi mistek ne, Yaya. Ka yi haƙuri..."

"Na sani. Ba gogewar ta ƙona min rai ba, Mardiyya. Shirun ne. Wata guda kina gaishe ni kina murmushi."

Ya hau babur ya tafi, ya bar ta durƙushe tana kuka.

Da labari ya shiga gida, Malam Jibrin, mahaifinta, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi duka ciwo. Cewa kawai ya yi, "Kin sa ban iya haɗa ido da mutanen Shinkahi." Inna ta saka ta gaba har gidan Hajiya Balaraba, mahaifiyar Muttaka, Mardiyya ta durƙusa bakin ƙofa ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Hajiya ba ta dube ta ba.

"In kewa ta ishe ni, muryarshi nika saurare," in ji ta. "Yanzu mi zan saurara? Tashi ki tai gida, ɗiyar nan."

Kwanaki Mardiyya ba ta leƙa ko ƙofar gida. Ran nan maƙwabciyarsu Ummusalma ta ja ta ɗakinta don ta ɗebe mata kewa, ta sa kaset ɗin bikinta. Kowa na kallon amarya, Mardiyya kuwa idonta ya riga ya saba da bayan hoto. Can wajen motocin ɗaukar amarya ta hango wata hula a karkace.

"Tsaya! Yi riwain, mayar da shi baya."

Alhaji Maitama ne, goro a baki, yana nuna wa direbobi inda za su tsaya. Ashe mutumin ba a biki daga Kaura zuwa Zurmi bai kai mota kyauta ba. In kuwa haka ne, yana nan a ɓoye cikin kaset ɗin mutane da yawa.

Ta roƙi mahaifinta izini. Ya ce, "Ki tai da uwarki. Amma kowane gida kinka shiga, ki hwaɗi abin da kinka yi da bakinki."

Nan ne kunya ta gaske ta fara. Kowace Asabar suna hanya, yau Kasuwar Daji, wani mako Banga, wani Zurmi. Ba mai ba da kaset ɗin bikinsa haka kawai, dole ta bayyana dalili. Wata tsohuwa a Banga har da tafa hannu: "Au, ke ce wadda ta goge surukinta? Ladidi, taho ki ga ta!" Wata ta ce, "In ba ki nawa ki sa mini 'yan rawa?" Mardiyya ta haɗiye, ta yi godiya, ta fito kunnuwanta na zafi. Wasu kaset ɗin ta kalle su daga farko har ƙarshe ba Alhaji ba alamarsa. Muttaka kuwa ɗif, ko saƙon gaisuwa. Abin da ba ta sani ba, shi ya tsaya bakin ƙofar Baffa Ladan ya ce in aka karɓo kayan nan, to a san ba da yawunsa ba.

A makaranta Malama Zulaihat ta haɗa mata bidiyo biyu da waya, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa. Guntu-guntu Mardiyya ta jera su. Da ta gama ta karya ɗan haƙorin da ke bayan kaset ɗin, wanda in babu shi ba mai iya naɗa komai a kai.

Ana saura mako guda babbar Sallah suka koma Shinkafi. Suka tarar da Baffa Ladan ya zo, ya kuwa ɗaure fuska.

"Wata rawar kinka kawo muna?"

"A'a Baffa. Don Allah a kunna."

Muttaka ne ya karɓa ya saka. Sai ga Alhaji yana faɗa da wani kwandasta. Ga shi yana kakkaɓe wa ango riga. Ga shi gindin darbejiya shi da Ladan, kwano ɗaya, yana ture masa tsokar nama. Baffa ya yi gyaran murya ya kawar da kai. A guntun ƙarshe ma kyamarar ba Alhaji take ɗauka ba, amma muryarsa ta taso daga gefe sarai:

"Ke 'yar Zurmi, ku hito mana, rana na yi!"

Hajiya ta dafe ƙirji. Duk duniya shi kaɗai ke kiranta haka. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta ce a mayar. Aka mayar, ta sake cewa a mayar.

"Wancan kaset ɗin zaune yake kamar an kai shi gaban alƙali," in ji ta tana share ido. "Wanga shi ne mijina." Ta juyo, karo na farko ta dubi Mardiyya. "Gida nawa kinka shiga?"

"Ban ƙirga ba, Hajiya."

"Matso nan, ɗiyata."

Baffa Ladan ya miƙe ya sa takalmi, idonsa ja. A bakin ƙofa ya ce, "A bar rana inda take. A kuma yi mini nawa kaset ɗin."

Kuskure ba ya ƙin kowa, 'yan'uwa, amma ɓoye shi ke mayar da shi laifi. Kunyar yini ɗaya Mardiyya ta guje wa, ta sha ta wata biyu gida-gida, kuma haƙurin shan ta ne ya dawo mata da mutuncinta da masoyinta.

Da Muttaka ya rako su tasha, ya rage murya ya ce, "Ranar bikinmu wa zai riƙe kaset?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Hajiya," in ji ta.