Wayar da Aka Kankare daga Ashirin zuwa Arba'in

Ranar Talata da hantsi, saura mako biyu a karɓi mulkin kai, Malam Tukur ya tarar na'urarsa tana ƙarya. Saurayin malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Sakkwato, gobe kuma jami'in ilimi zai zo ya ga darasinsa. In ya yi kyau, shi za a tura karatu Zariya.

Hedimasta ya aika aka kira Sajan Maigandi, ɗan doka. Maigandi bai san kimiyya ba, amma ba ya jin kunyar tambaya.

"Mi ne aikin wanga abu?"

"Fotenshiyomita ke nan, Sajan, ma'aunin ƙarfin batir," in ji Tukur. Ya nuna waya mai tsawon mita ɗaya, miƙe a kan katako tsakanin ƙusa biyu, da ma'auni a gefenta. "Babban batir na tura wuta cikin wayar. Tunda kaurinta ɗaya ne, kowane santimita rabonsa ɗaya. Sai in jona ƙaramin batir, in riƙa zame wannan ƙarfe har allurar agogon nan ta tsaya cak. Tsawon da na samu shi ne ƙarfinsa. Jiya hamsin ya ba ni. Yau arba'in da huɗu."

"In kaurin ya sake hwa?"

Tukur ya sunkuya kan na'urar. Ya cire ƙaramin batir, ya bi wayar da ƙarfen. Allura na hawa sannu-sannu, sai daga ashirin ta fara tsalle, a arba'in ta koma hankalinta. Maigandi ya shafa wurin. An kankare shi, ya sirance.

Ban da Tukur, mutum uku ke shiga ɗakin da na'urar take. Tsoho Tambari mai shara ya rantse ko kusa da ita ba ya zuwa.

"Abin da ka da wuta ciki? Ni da jikoki?"

Bawa kafinta, wanda ya fafe katakon, ya kawo takardar yashin da yake goge katako da ita. Maigandi ya gwada ta a gefe, nan take ta ci fenti. Ƙarƙashin wayar kuwa ko ƙwarzane babu.

Saura Malam Maccido, malamin lissafi, ɗan gidan malamai, wanda ya riƙe ajin kimiyya kafin zuwan Tukur. Tun da aka ambaci Zariya, gaisuwar Tukur ma da ƙyar yake amsawa, ya ce yaro ya zo da wayar shanya tufafi.

"Malam, ara mini wuƙar da kaka fiƙe alƙalami," in ji Maigandi.

Maccido ya miƙa. Bakinta ya dakushe a tsakiya, har da 'yar gila.

"Kara bai yi ma wuƙa haka," in ji Maigandi. "Da jahili ne, da ya tsinke wayar. Wanda yak kankare ta ya san kaurinta shi ne gaskiyarta, yana son a ce Tukur ne bai iya ba. Kuma mai ɓarna inda hannunai yaf faɗa nan yaka ɓata. Wanga ya fara daidai bisa ashirin, ya tsaya daidai bisa arba'in. Malamin lissafi ko zunubi zai yi sai ya auna."

Maccido ya zauna. Kishi ya tsufar da shi a 'yan makonnin nan, abin tausayi.

Tukur dai wayarsa yake kallo. Daga Kano aka kawo ta, babu irinta a garin.

"Cire ƙusar farko ka mai da ta bisa arba'in," in ji Maccido a hankali. "Sittin ɗin da ya rage lafiya lau yake. Zai ishe ka gobe."

Tukur ya ɗago. "Malam, ashe kun san ta haka?"

"Shekara goma sha ɗaya ina zana ta ga allo da alli, ina roƙon a sawo muna. Ban taɓa sa mata hannu ba sai jiya."