Tayoyin Hagu na Tirelar Maliki

Shekara ashirin da biyu ina aikin tayoyin manyan motoci a bayan Gwagwalada, kan hanyar Paikon Kore. Taya ba ta yi mini ƙarya. Direba kuwa, sai dai Allah ya kyauta.

Wata Laraba bayan la'asar, Madam Lucia ta kira ni. Ita ce manajar wani kamfanin fasa dutse da nake yi wa aiki.

"Oga Farouk, wannan Maliki ya ishe ni. Taya huɗu sabo, sati uku ya cinye. Ka duba. In shi ne, gobe ya ajiye key."

Rana ta yi ja lokacin da tirelar ta shigo garejina, babu kaya a bayanta. Maliki ya sauko, dogon mutum mai sanyin magana, ya gaishe ni bai kalli idona ba. Nan take na ce a raina, ɓarawo ne.

Na zagaya motar. Tayoyin dama lafiya lau, zanensu raɗau. Na hagu na can baya, huɗu cif, sun yi sanƙo har waya ta fara leƙowa. Na san abu biyu da direba ke yi su jawo haka: lodin sata a hanya, ko ya sayar da sababbi ya maƙala tsofaffi. Na duba lambobin jikinsu. Su ne dai waɗanda na ɗaura da hannuna.

Na sa gejin iska, daidai. Na girgiza ƙafar motar ko boris ɗin cikinta ya ci, shiru. Na ja igiya daga gaba zuwa baya, aksil, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, bai karkace ko da faɗin yatsa ba. Sifirin da ke ɗauke da nauyin bodi, babu wanda ya karye.

Amma sifirin hagu a kwance yake, kamar an ɗora masa tan goma. Motar kuwa fanko.

"Malam, me ka ɓoye a ƙarƙashin bodi?"

"Babu komai, Oga."

"Ni za ka raina wa hankali?"

Na jawo jak mai ɗaga tan talatin, na shige ƙarƙashi da tocila. Ina bugawa yana nishi. Da ƙyar tayar ta bar ƙasa. Sai wani wari ya buge ni, ba na dizal ba, ba na roba ba. Warin kogo ne mai danshi, irin na kashin jemagu.

Maliki ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Oga, ka fito. Magariba ta yi."

"Sai ka faɗa mini."

Ya ƙara matsowa kusa.

"Ranar da aka fasa babban dutsen nan na bayan kamfani, ni na ɗauki lodin farko. Na juye dutse. Su ba su sauka ba."

"Su wa?"

"Masu gidan. Waɗanda ke zaune a cikin dutsen."

Ya ce tsofaffin direbobin wurin sun gaya masa yadda ake yi. Ka bugi bodi sau uku, ka ce an iso. Sai su sauka, su zauna a inda ka tsaya.

"To me ya hana ka?"

"Ina zan sauke su? Duk inda na tsaya, ƙofar wani ce. Na je daji, na tarar da gonar mutane. Gara a kore ni."

Raina ya ɓaci. Na ji ƙarya iri-iri a wannan sana'a, amma ban taɓa jin wadda ta raina ni haka ba. Daga kwancen da nake na ɗaga sifanar da ke hannuna saitin bodin.

"Oga, kada ka..."

Kwan. Kwan. Kwan.

"An iso," na ce, har da 'yar dariya.

Kiran sallar da ke tashi daga masallacin bakin titi ya yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga.

Bodin ya yi ƙara a saman kaina. Wani abu ya ja jiki a kan ƙarfe, a hankali.

Ƙasa ta amsa. Dim.

Sifirin ya ɗago kaɗan.

Dim. Na biyu.

Na ƙirga bakwai. Na ƙarshen mara nauyi ne, kamar ɗan yaye.

Ban ga ƙafa ba. Na dai ga baƙin man da ya zube a ƙasa yana lotsawa, taki bayan taki, ana nufo ni.

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyana ta hagu.

Gefen hagu na motar ya ɗago gaba ɗaya, jak ya zame. Maliki ya fizgo ƙafafuna, ƙarfe ya daki inda kaina yake. Ayatul Kursiyyu ma a tsakiya na kamo ta.

Da safe na kira Madam Lucia. Na ce aksil ne ya karkace, na gyara, direbanta ba shi da laifi. Ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi a kan taya, kuma ban yi nadama ba.

Wata biyar ke nan. Tayoyin Maliki suna ci daidai, an ma ba shi sabuwar hanya zuwa Lokoja. Ni kuwa kafaɗata ta hagu ba ta daina nauyi ba. Duk sati biyu dunduniyar takalmina na hagu sai ta cinye, na dama yana nan sabo. Na yi ruƙiyya, na sha rubutu. Sauƙin kwana biyu ne.

Jiya Maliki ya tsaya a garejin, ya daɗe yana kallon yadda nake tafiya.

"Oga, bari in kwana da motar a nan, bodi a buɗe. Wataƙila su hau."

"Su hau, tayoyi su sake ci, a kore ka? 'Yarka Rumasa'u da ke jami'a fa?"

Ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni, don mutumin da na kira ɓarawo ne yake roƙon ya ɗauke mini abin da na jawo da hannuna.

Na ce ya ja motarsa ya tafi. Shi ya yi sati uku yana yawo da su don kada ya sauke wa kowa. Ni na ce musu an iso.