Tsinin Ƙaya a Ƙafar Manomi

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wani manomi wanda ba ya son a ji kukansa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ya taka ƙaya. Ya cire ta, amma tsininta ya karye a ciki, ƙafa ta kumbura.

Ya je wurin wata tsohuwa mai magani, ya ce kumburi ne kawai. Ta ba shi magani na shafawa.

Kullum da safe takan zo ta ce, "Yaya jiki?"

Shi kuwa sai ya ja mayafi ya rufe ƙafar, ya ce, "Da sauƙi, Inna." Haka ake amsa gaisuwa, kuma yana kunyar ya ce maganinta bai yi ba.

Zazzaɓi ya rufe shi. Maƙwabta suka gama shuka, tasa gonar ko rami ɗaya babu.

Rana ta huɗu ta ce, "Yaya jiki?"

Sai ya yaye mayafin. "Babu sauƙi, Inna. Inda ƙayar ta shiga zogi yake yi."

"Wace ƙaya? Kai, ɗan nan! Kwana huɗu kana gaishe ni, sai yau ka yi mini magana!"

Ta wanke wurin, ta sa aska a wuta, ta tsaga. Mugunya ta fita, tsinin ya biyo ta.

Washegari ta ce, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi, Inna."

Ta ce, "Buɗe in gani."